Malam Sa'adu Zungur (1915-1958)

Ƴan'uwa masu zuwa cirani Najeriya, da yawanku kun ji sunansa. Mutumin Bauchi ne. Ya yi karatun Alƙur'ani, ya shiga kwalejin Katsina, sannan a 1934 ya tafi babbar makarantar Yaba a Ikko. Da shi da Malam Aminu Kano suka riƙa tara matasa a Bauchi, ana muhawara kan mulkin Turawan Ingila da na sarakuna. Makaminsa waƙar Hausa ce, don wanda bai shiga lakwal ba ma ya ji. A cikin Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ya gargaɗi sarakuna su yi gyara da adalci, in ba haka ba sarauta ta kuɓuce musu. Ya rasu shekara 2 kafin ƴancin Najeriya. Allah ya jiƙansa.