Sarki Sejong na Koriya (1397-1450), Maƙirƙirin Haruffan Hangul

Gabatarwa

Galibin hanyoyin rubutu da al'ummun duniya ke amfani da su ba a san wanda ya ƙago su ba, domin sannu a hankali suka samu, wata al'umma na ara daga wata. Haruffan Koriya, waɗanda ake kira Hangul, sun fita daban, don kuwa an san wanda ya ƙago su, da shekarar da ya ƙago su, da kuma dalilinsa. Wannan mutum shi ne Sarki Sejong. Sanin tarihinsa zai amfani ɗalibin ilimin furuci da duk mai shirin koyar da karatu.

Haihuwarsa da Hawansa Gadon Sarauta

An haifi Sejong a shekarar 1397 a birnin Hanseong, wanda a yau ake kira Seoul. Ainihin sunansa Yi Do, Sejong kuwa laƙabi ne da aka ba shi bayan rasuwarsa. Shi ne ɗa na uku ga Sarki Taejong na daular Joseon, kuma tun yana yaro aka san shi da ƙwazon karatu. A shekarar 1418 mahaifinsa ya tuɓe babban wansa, Yangnyeong, daga muƙamin yarima mai jiran gado, ya naɗa shi. A wannan shekarar ce kuma uban ya yi murabus ya bar masa gadon yana ɗan shekara 21, sai dai ya ci gaba da riƙe ragamar soja har ya rasu a 1422.

A shekarar 1420 Sejong ya kafa wata majalisar masana a fada mai suna Jiphyeonjeon. A zamaninsa aka wallafa littafin noma a 1429, wanda aka tattaro bayanansa daga bakin tsofaffin manoma. Haka kuma ya ɗaukaka Jang Yeong-sil, mutumin da aka haifa cikin bauta, wanda ya ƙera agogon ruwa a 1434.

Matsalar Rubutu a Koriya

A wancan zamani mutanen Koriya da harshensu suke magana, amma da rubutun Sinanci suke rubutu. Alamomin Sinanci dubbai ne, sai mutum ya shafe shekaru yana haddace su. Bugu da ƙari, ginin harsunan biyu ya bambanta, domin harshen Koriya na yawan amfani da ɗafi a ƙarshen kalma, abin da alamomin Sinanci ba su tanadar wa gurbi ba. Saboda haka karatu ya zama na 'ya'yan masu sarauta da masu hali kawai. Talaka ba ya iya karanta dokar da za a hukunta shi da ita, ba ya kuma iya rubuta kokensa.

A shekarar 1428 wani mutum a garin Jinju ya kashe mahaifinsa. Abin ya tayar wa Sarki hankali, ya sa aka shirya littafin tarbiyya mai hotuna, aka buga shi a 1434. To amma bayanin da ke cikinsa da Sinanci yake, don haka waɗanda aka yi littafin dominsu hotuna kawai suke iya kallo.

Tsarin Haruffan

Sejong ya kammala sababbin haruffan a ƙarshen shekarar 1443, aka bayyana su ga jama'a a 1446 cikin littafin Hunminjeongeum, wanda ma'anar sunansa ita ce ingantattun sautuka don koyar da jama'a. Haruffa 28 ne, baƙaƙe 17 da wasula 11. A yau 24 ake amfani da su, baƙaƙe 14 da wasula 10.

Hikimar tsarin ita ce an zana tushen baƙaƙe biyar bisa siffar gaɓoɓin furuci. Harafin ㄱ, wanda furucinsa ke tsakanin k da g, siffar ƙurya-harshe ce idan ta ɗaga ta tare iska. Harafin ㄴ (n) siffar tsinin harshe ce idan ya taɓa hanƙa. Harafin ㅁ (m) siffar baki ce, ㅅ (s) siffar haƙori, ㅇ kuma siffar maƙogwaro. Idan sauti ya fi ɗan'uwansa ƙarfi alhali mafurtarsu ɗaya, sai a ƙara wa harafin layi: daga ㄴ aka sami ㄷ da ㅌ, daga ㄱ kuma aka sami ㅋ. Ɗalibin Hausa zai ga kamanci da yadda ƙugiya ke bambanta k da ƙ, ko d da ɗ.

Wasula kuwa daga alamomi uku aka gina su: ɗigo mai wakiltar sama, kwantaccen layi mai wakiltar ƙasa, da tsayayyen layi mai wakiltar ɗan'adam. Ba a jera haruffan ɗaya bayan ɗaya, ana tara haruffan kowace gaɓa ne wuri guda. Misali, ㅎ (h) da ㅏ (a) da ㄴ (n) su ke haɗuwa su ba da gaɓar 한 (han).

Adawa da Rasuwarsa

Ba kowa ne ya yi maraba da wannan aiki ba. A shekarar 1444 Choe Manri, ɗaya daga manyan majalisar masanan, shi da wasu abokansa suka kai wa Sarki takardar ƙorafi. Hujjarsu ita ce barin rubutun Sin zai zubar da darajar ƙasar, ya kuma raunana karatun littattafan magabata. Sarki ya yi musu raddi, ya ci gaba da aikinsa, duk da cewa a lokacin ganinsa ya yi rauni ƙwarai. Ya rasu a shekarar 1450, bayan shekara 32 a kan gadon sarauta, kuma kabarinsa yana garin Yeoju.

Bayan rasuwarsa masu ilimi sun daɗe suna raina haruffan. A 1504 Sarki Yeonsangun ya haramta su saboda takardun suka da aka rubuta a kansa da su. Mata da talakawa ne suka fi riƙe su a wasiƙu da labarai, sai a 1894 hukuma ta karɓe su a takardunta. A 1940 aka gano wani kwafi na littafin 1446 mai ɗauke da sharhin siffofin haruffan. A 1989 hukumar UNESCO ta kafa kyautar yaƙi da jahilci da sunan Sejong. A Koriya ta Kudu ranar 9 ga Oktoba ita ce ranar Hangul, ranar haihuwarsa kuma, 15 ga Mayu, ita ce ranar malamai.

Kammalawa

Sejong ya gano cewa jahilcin talakawansa ba daga ƙarancin basira ya samo asali ba, hanyar rubutun ce ba ta dace da harshensu ba. Maganin da ya kawo ya faro ne daga sautin da mai koyo ke furtawa da bakinsa. Malamin da ya nuna wa yaro inda sauti ke fita kafin ya nuna masa harafi a allo, tafarkin nan ya bi.

Tambayoyi

1. Waɗanne dalilai suka sa Sejong ya ƙago Hangul?
2. Bayyana dangantakar siffar baƙaƙen Hangul da gaɓoɓin furuci.
3. Ta yaya za ka yi amfani da wannan dabara wajen koyar da ɓ, ɗ da ƙ a aji ɗaya na firamare?