Tarihin Alhaji Umaru na Kete-Karachi: Ɗan Fatake, Limami Kuma Mawaƙi (1858-1934)

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. A wannan fili za mu waiwayi rayuwar wani malami da ya taso cikin ayarin fatake, ya bi hanyoyin da kakannin 'yan kasuwar Sokode, Mango da Dapaong suka bi, sannan ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutan da Hausa ta taɓa samu. Shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu, wanda wasu ke kira Imam Umaru Salaga, wasu kuma Alhaji Umaru Karachi.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Alhaji Umaru a birnin Kano wajajen shekarar 1858. Asalin gidansu Kabawa ne, shi ya sa a littattafansa yakan danganta kansa da Kabi da Kano. Mahaifinsa Abubakar mai ilimi ne kuma bafatake, yana safarar goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa. Umaru ya yi karatun allo a Kano, daga nan ya fita neman ilimi zuwa ƙasashen Kabi da Gobir, inda ya karanci fiƙihu, nahawu, lugga da waƙoƙin Larabawa.

Tun yana saurayi ya riƙa bin mahaifinsa fatauci. A wancan zamani ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa, baƙaƙen tufafi na rini da jemammun fatu, a ƙarƙashin madugu, a yi watanni ana tafiya. Wata hanyar takan ratsa Bargu ta biyo Zugu ta sauko Didaure, wato unguwar fatake ta Sokode, wata kuma ta bi ta ƙasar Gurma ta faɗo Sansanin Mango da Yandi. Duka a Salaga suke haɗuwa, kasuwar da goron Asante ke tarar da kayan Arewa. A irin waɗannan tafiye-tafiye ne Umaru ya ga ƙasashen Zabarma, Gurma, Mosi da Gurunsi da idonsa, ya san sarakunansu da kuɗin fiton da ake biya a kowace mashiga.

Abin da ya gani a hanya shi ya haifar da littafinsa na farko, wanda ya kammala a 1877, bai ma cika shekara ashirin sosai ba. Littafi ne na Larabci mai koyar da yadda ake tsara wasiƙa, da samfurin wasiƙu iri-iri. Duk wanda ya san fatauci ya san amfanin wannan, domin a lokacin da babu waya babu banki, takardar da malami ya rubuta ita ce ke isar da saƙon bashi, da labarin rasuwa, da neman izinin wucewa a wurin sarki.

Rushewar Salaga

Daga baya Umaru ya zauna a Salaga, ya buɗe makaranta. Sai dai ya tarar da garin ya fara ja da baya. Tun 1874, lokacin da Turawan Ingila suka ci Kumasi, Salaga ta ɓalle daga hannun Asante, su kuma Asantawa suka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni kamar Kintampo. A 1892 kuma rikicin sarauta ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, masu mulkin Salaga, har aka shigo da mayaƙan Dagomba da Nanumba. Aka washe garin, dukiyar fatake ta salwanta, jama'a suka watse zuwa Yeji, Kintampo da Kete-Karachi.

Wannan bala'i ya tsaya wa Umaru a rai. Ya rubuta waƙoƙi da Larabci a kansa, inda bai tsaya ga ɗora laifi a kan mayaƙa kaɗai ba, har da mutanen garin, saboda lalacewar ɗabi'u da sakaci da addini da ya ce sun yi yawa kafin yaƙin. Waɗannan waƙoƙi na cikin abin da masana tarihi ke dogara da shi wajen sanin yadda babbar kasuwar ta mutu.

Zamansa a Togon Jamus

Shi ma Umaru ya bi sahun masu ƙaura zuwa Kete-Karachi, a bakin kogin Volta. Mai karatu ya lura cewa a lokacin garin yana cikin Togo ne, domin Jamusawa sun kafa bariki a can tun 1894, kafin ma su kafa na Sokode. Bayan ya ɗan zauna a wasu garuruwa, ciki har da Gambaga, ya dawo ya yi zamansa na dindindin a zangon Kete.

A nan ya haɗu da wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ya ji Hausa har ya wallafa ƙamus ɗinta a 1906. An ruwaito cewa da gardamar limanci ta tashi a zango, Mischlich ne ya sa masu neman matsayin su karanta wani babban littafin Larabci a gaban jama'a, Umaru ya yi fice, aka ba shi limancin garin.

Mischlich ya riƙa roƙonsa ya rubuta masa abin da ya sani game da ƙasar Hausa, shi kuwa ya zauna ya cika ɗaruruwan shafuka da ajami. Ya rubuta tarihin Kabi da na wasu ƙasashen Hausa da labarin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya kuma bayyana yadda ake noma, saƙa, rini, ƙira da jima, da yadda ake aure da suna da biso, da yadda ake cin kasuwa da tafiyar ayari, har da yadda ake mallakar bayi da cinikinsu. Ba a cika samun Bahaushen ƙarni na 19 da ya zayyana rayuwar talaka ta yau da kullum dalla-dalla kamarsa ba, domin yawancin malaman lokacin wa'azi da fiƙihu suka fi mayar da hankali a kai.

Waƙoƙinsa

Aikin da ya yi da Bature bai rufe masa baki ba. Tsakanin 1899 da 1903 ya tsara waƙoƙi kan zuwan Turawa, biyu da Larabci, ɗaya da Hausa wadda aka sani da Waƙar Nasara. A cikinsu ya nuna yadda suka fara shigowa da sunan ciniki da abota, sannan suka fito da bindiga, ya kuma jera garuruwa da sarakunan da aka ci ɗaya bayan ɗaya, tun daga bakin teku har ƙasar Hausa. Da tafiya ta yi tafiya ya ɗan sassauto, yana yaba zaman lafiyar da aka samu a kan hanyoyi, abin da kowane bafatake ya san darajarsa.

Waƙarsa da ta fi shiga bakin jama'a ita ce ta Talauci da Wadata. A ciki ya nuna yadda ake yi wa matalauci a taro da cikin dangi: ba a sauraron maganarsa ko da gaskiya ce, alhali mai dukiya ko ya yi kuskure gyara masa ake yi. Ya yi amfani da raha da zambo, amma manufarsa ita ce mutum ya tashi ya nemi na kansa ta hanyar halal. Ya kuma fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, shahararren mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, zuwa Hausa, aikin da Baturen Ingila Rattray ya fito da wani ɓangarensa a 1934.

Hajji da ƙarshen rayuwarsa

A 1913 ya tashi zuwa aikin hajji, tafiyar da ta ɗauke shi kimanin shekara biyar. A ƙasa mai tsarki ya haɗu da Alfa Hashim, malamin Tijjaniyya mazaunin Madina. Kafin ya dawo duniya ta juya. A watan Agusta na 1914 sojojin Ingila da Faransa sun ƙwace Togo daga hannun Jamus, daga bisani aka raba ta biyu: Kete-Karachi ta faɗa hannun Ingila, Sokode da Mango hannun Faransa. Ya bar gida ƙarƙashin wata tuta, ya dawo ya tarar da wata. Dawowarsa ta zo daidai da annobar mura ta 1918 wadda ta kashe mutane bila adadin, ita ma ya tsara waƙa a kanta, yana bayyana alamominta da yadda take kayar da mutum.

Ya ci gaba da karantarwa, almajirai na zuwa masa daga zanguna daban-daban, su koma garuruwansu su zama limamai da malamai. Allah Ya yi masa rasuwa a Kete-Karachi a 1934, yana da kimanin shekara 76.

Abin da ya bari

Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1956, yankin Togon Ingila ya haɗe da Gana. A shekarun 1960 kuma, da aka gina madatsar ruwa ta Akosombo, tafkin Volta ya cinye tsohon garin Kete-Karachi, aka mayar da mutane sabon matsuguni. Garin da ya rayu a ciki ya nutse, amma takardunsa sun tsira. Akwai kwafin waƙoƙinsa a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, rubuce-rubucen da ya yi wa Mischlich kuwa Turai aka tafi da su, inda wani masanin Hausa ɗan ƙasar Folan, Stanislaw Pilaszewicz, ya wallafa wasunsu a 2000.

Abin dubawa a nan shi ne, Turawa sun yi digiri a kan wannan bawan Allah, alhali da yawa daga cikin jikokin fatake da ke cin kasuwar Sinkase da Dapaong ko sunansa ba su taɓa ji ba. Akwatunan gidajen malamai a zangunanmu ba su rasa tsofaffin takardun ajami da gara ke ci. Ya kamata masu hali su taimaka a adana su, a kuma koya wa yara karanta su, domin Alhaji Umaru ya nuna cewa fatauci da neman ilimi kan tafi a ayari ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.