Bessie Coleman, 'Yar Manoman Auduga Da Ta Tuka Jirgin Sama

Da kaka, in an girbe dawa, kukan ga yaran Kazaure ko Roni sun fere kara suna ƙera mota, wani ma jirgin sama. A Turai da Amurka har manya na wannan wasa. Sukan sayi gutsattsarin katako ko roba a kwali, su haɗa da gam, su fito da siffar jiragen yaƙi na dā masu fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya. Irinsu ne guda uku na sojan Ingila suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925. To, kafin wannan rana da shekara huɗu, wata baƙar mace ta riga ta iya tuƙa irin wannan jirgi.

Sunanta Bessie Coleman. An haife ta a Jihar Texas ta Amurka a 1892, ita ce ta goma cikin 'ya'ya 13. Iyayenta talakawa ne masu noman auduga a gonar wani. Kullum takan taka mil 4 zuwa makaranta, in lokacin tsinkar auduga ya zo kuwa sai a rufe makarantar. Ta shiga kwaleji a 1910, zango ɗaya kuɗi suka ƙare. Daga baya ta koma birnin Chicago tana yankan farce a shagon aski.

Can ta riƙa jin labarin matuƙa jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya, abin ya shiga ranta. Amma makarantun Amurka suka ƙi karɓarta, ga ta mace, ga ta baƙa. Wani mai jarida, Robert Abbott, ya ba ta shawarar zuwa Faransa. Ku duba fa, 'yan makaranta, sai da ta zauna ta koyi Faransanci tukuna, sa'an nan ta hau jirgin ruwa a 1920. Ran 15 ga Yuni, 1921 ta karɓi lasin, ta zama baƙar mace ta farko da ta same shi.

Da ta komo gida sai ta shiga nuna wasa da jirgi a bainar jama'a. A garinsu ta ƙi tashi sai da aka yarda baƙaƙe da Turawa su shiga ta ƙofa ɗaya. Burinta ta tara kuɗi ta buɗe wa baƙaƙe makarantar tuƙi.

Jirgin da ƙarfinta ya kai ta saya shi ne Curtiss JN-4, kwancen soja. Ƙashinsa katako, rufinsa yadi, an ɗaɗɗaure da waya, ba rufi bisa kan matuƙi. Na farko ya faɗi da ita a 1923, ta karye a ƙafa da haƙarƙari uku. Ta warke, ta sake sayen wani tsohon.

Ran 30 ga Afrilu, 1926, a Jacksonville, makanikenta na tuƙi, ita kuwa ba ta ɗaura bel ba don tana leƙen filin da za ta diro da lema kashegari. Ashe wata sifana ta maƙale cikin kayan sarrafa jirgin. Ya kife, ta faɗo ta mutu nan take tana da shekara 34, makaniken ma bai tsira ba. Makarantar ba ta buɗu da ranta ba.

A 1992, da Mae Jemison, baƙar mace ta farko a sararin samaniya, za ta shiga kumbo, da hoton Bessie ta tafi.