Sarki Kalakawa da molon Hawai

Hawai tsibirai ne a tsakiyar tekun Pasifik. Yau suna cikin ƙasar Amurka, amma a da suna da sarakunan kansu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Kalakawa. An haife shi a birnin Honolulu a 1836, ya hau gadon sarauta a 1874.

Lokacin da ya zama sarki, waƙoƙin gargajiya sun kusa ɓacewa. Tun 1830 aka hana rawar hula a fili, don masu wa'azin Kirista na ganin ba ta dace ba. Ga shi kuwa cikin waƙoƙin nan tarihin kakanni yake. In tsofaffi suka mutu, shi ke nan, tarihi ya bi su.

A 1879 wani jirgin ruwa ya kawo ƴan ƙwadago daga tsibirin Madera na ƙasar Fotugal. Sun zo da wani ɗan abin kiɗa mai tsirkiya 4. Cikinsu akwai masassaƙa 3, su ne suka riƙa sassaƙa irinsa da iccen Hawai. Mutanen wurin suka sa masa suna ukulele, wai ma'anarsa ƙuma mai tsalle.

A lokacin Kalakawa ya wuce shekara 40. Bai ce girma ya hana shi ba, sai ya zauna ya koyi kaɗa shi. Abin ba ya da wuya ga sabon hannu. Hannun hagu na danne tsirkiya, na dama na kaɗawa. In mutum ya iya danni iri 3, ya samu na raka waƙoƙi da yawa. Sarki ya shigar da ukulele fada, ana kaɗa shi ana rawar hula. A bikin naɗa masa kambi a 1883 an yi rawar a fili, kowa na gani.

Ƙarshen mulkinsa bai yi daɗi ba. A 1887 Turawa ƴan kasuwa suka tilasta masa sa hannu ga takardar da ta rage masa iko. Ya rasu a Amurka a 1891. A 1893 aka tuɓe ƙanwarsa da ta gaje shi, sarautar ta ƙare.

Waƙoƙin kam ba su ƙare ba. Tun 1964 ake bikin hula a garin Hilo don tunawa da shi. To, ku ma kun gani, gemu ba ya hana ilimi.