Likita Mila Na Zariya

Daga cikin Turawan da suka zauna a ƙasar Hausa, kaɗan ne suka ji Hausa kamar Likita Mila. Shi ba soja ba ne, ba Razdan ba ne, ba kuwa ɗan kasuwa ba. Likita ne, kuma mai wa'azin addinin Kirista. Ainihin sunansa Walter Miller, amma Zazzagawa ba su san shi da wani suna ba sai Likita Mila. An haife shi cikin shekara ta 1872 a wani ƙaramin gari na kudu maso yammacin Ingila, ana ce da shi Honiton.

Kafin a ba da labarinsa, ya kamata a san wani abu game da addininsa. Kiristoci sun gaskata cewa wanda Allah zai ba wani aiki, sai ya shirya shi tukuna, shirin nan kuwa yakan daɗe. Sukan kawo misali da Annabi Musa, wanda littafinsu ya nuna ya shekara arba'in a ƙasar Madayana yana kiwon tumaki kafin a aike shi wurin Fir'auna. Sukan kuma tuna da Annabi Isa, wanda suke kira Yesu, ya yi azumin kwana arba'in a jeji kafin ya fara wa'azi. Saboda haka ƙungiyoyinsu na mishan ba su aika saurayi wata ƙasa don ya ce yana so kawai. Sai sun jarraba halinsa, sun ga yana da sana'ar da za ta amfani mutane, sun kuma tabbata zai iya koyon harshen waɗanda za shi wurinsu.

Mila ya yi karatun likita a Landan, a wata tsohuwar asibiti mai suna St Bartholomew. A zamanin nan wani kira ya bazu cikin manyan makarantun Ingila. Cikin 1892 ɗalibai suka kafa ƙungiya ta masu ba da kansu ga aikin mishan. Wanda ya shiga yakan sa hannu a wata 'yar takarda, ya ɗauki alkawarin zai tafi wata ƙasa in Allah ya yarda. Al'adarsu ce su tashi da asuba, kowa ya keɓe shi kaɗai, ya yi addu'a, ya karanta Littafi Mai Tsarki, kana ya shiga aikin yini. Sa hannu a takarda dai ba wuya. Tashin asuba kullum cikin sanyin Landan shi ne ke nuna mai niyyar gaskiya. Mila yana cikin samarin da wannan kira ya shiga zukatansu. Da ya gama karatu, sai ya bar zancen neman kuɗi da likitanci, ya shiga ƙungiyar C.M.S., wadda aka kafa tun 1799.

A lokacin nan mutanen Ingila sun fara jin labarin Hausawa. Wani Bajamushe mai suna Schön ya riga ya juya waɗansu sassa na Littafi Mai Tsarki da Hausa, da taimakon Dorugu, yaron nan Bahaushe da matafiyi Barth ya kai Turai. Wani malami kuma, Robinson, ya zo Kano cikin 1894, daga baya ya wallafa ƙamus. Amma Hausar takarda dabam, ta baki dabam. Wanda ya haddace ƙamus duka, a ajiye shi a karar shanu ta Wudil ran Jumma'a, dillalai na ciniki, zai tsaya ne kamar kurma. To, ina za a koyi Hausar baki, alhali kuwa ƙasar Hausa ba ta shiguwa ga Bature sai da wahala?

Sai aka tura Mila da abokansa Tarabulus, birnin nan na bakin Bahar Rum, wanda a lokacin yake hannun Turkawa. Mai karatu zai yi mamaki, me ya haɗa Hausa da Tarabulus? Abin da ya haɗa su shi ne raƙumi. Tun zamanin da, ayari yakan tashi daga Kano da jar fata, da gashin jimina, da hauren giwa, ya bi ta Damagaram da Agadas, ya ratsa Sahara ta Gat da Gadamas, ya yi wata da watanni kafin ya sauka Tarabulus. Tare da ayarin akwai fatake, da alhazai masu nufin Makka, da bayi. Waɗansu suka sami 'yanci a can, waɗansu guzuri ya ƙare musu, suka zauna. Da haka Hausawa suka yi yawa a birnin.

Cikin 1899 Mila yana can yana ɗalibta a wurinsu. Ga shi babban likita, amma ya koma kamar ɗan makarantar allo. Ya faɗi kalma, a yi masa dariya, a gyara, ya sāke. Hausa kuwa tana da tarko ga baƙo. Kalma guda, in an ja ta ko an sauke murya, sai ma'anarta ta sauya. Mai neman ya ce gari, watau birni, sai ya ce garin tuwo. Mai nufin fari na launi, sai ya ambaci farin da ke ƙona amfanin gona. Ba abin da ke maganin wannan sai kasa kunne da ajiye girman kai. Ga masu aikin mishan wannan ma wani reshe ne na shirin zuciya, gama mai jin kunyar a yi masa dariya ba ya koyon harshe. A can ne Mila ya gamu da wani yaro, Abdulmajid, wanda ake kira Audu. Ya taso daga ƙasar Hausa da ubansa za su haji, uban ya rasu a hanya. Yaron nan ya taimaki Mila ƙwarai wajen Hausa, daga baya kuma ya zama kamar ɗansa.

Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya yi shelar mulkin Ingila a kan Arewa, amma shela ce ta baki, don Kano da Sakkwato suna hannun sarakunansu. A cikin watan nan mutum biyar suka tashi daga Ikko, suka nufi Kano. Shugabansu Bishop Tugwell, sauran su ne Mila, da Richardson, da Ryder, da Burgin. Babu jirgin ƙasa, gama bai iso Kano ba sai bayan shekara goma sha ɗaya. Da ƙafa da doki suka bi, 'yan alaro na ɗauke da kaya, suka ƙetare Kwara a Jebba. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da kyau. Suka wuce, suka shiga Kano cikin watan Afrilu.

A nan ne shirinsu ya gaza. Sun koyi magani, sun koyi harshe, sun yi addu'a, amma ba su koyi yadda ake shiga ƙasar sarki ba. Ba wanda ya kira su, ba su kuwa jira izini ba. Ko Gwamna Lugga bai ji daɗin tafiyar ba. Sarkin Kano Alu ya sa aka kawo su fada. Suka ce sun zo su yi magani, su koyar. Sarki ya nuna musu Kanawa suna da addininsu da malamansu, ba su bukatar wani, ya ba su kwanaki kaɗan su bar masa gari. In an duba, Sarki yana da hujja. Ya ji abin da Turawa suka yi wa Bida da Ilori cikin 1897, yaya zai bambanta mai ɗauke da littafi da mai ɗauke da bindiga, tun da duk fatarsu ɗaya, ƙasarsu ɗaya?

Suka juyo, suka sauka a Girku, wani ƙauye kudu da Zariya. Damina ta same su a bukkoki. Ryder ya kwanta ciwo, ya rasu. Richardson ya raunana, aka mai da shi gida. Wuta ta cinye masaukinsu. A ƙarshe suka janye zuwa Loko, a bakin Binuwai. Wani da ya ga haka sai ya ce Allah bai nufe shi da wannan aiki ba, ya koma Landan ya buɗe ɗakin magani. Mila bai fassara abin haka ba. Ya ɗauke shi a kan ragowar shiri, irin na kiwon tumaki a Madayana. Cikin 1901 ya fitar da ɗan littafin koyon Hausa don Turawa, sa'an nan ya komo.

Sai 1905 ya sami zama cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Yana cikin waɗanda suka matsa wa Gwamnati a riƙa rubuta Hausa da baƙaƙen boko, irin waɗanda aka buga wannan littafi da su, ko da yake malamai sun daɗe suna rubuta ta da ajami. Shekaru suka yi ta wucewa, masu karɓar magani da yawa, masu karɓar addininsa kuwa ana ƙirga su da yatsu.

Cikin 1913 waɗansu baƙi suka zo masa. Su ne ake kira Isawa, jikokin almajiran wani malamin Kano, Malam Ibrahim, wanda ya ɗaukaka zancen Annabi Isa cikin karatunsa har aka kashe shi, mabiyansa suka watse. Waɗansunsu suka zama Kirista, aka kafa musu ƙauye a Gimi, a ƙasar Zazzau. Murna ba ta daɗe ba. Akwai ƙudan tsando a wurin, ciwon barci ya shiga ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, dole aka tashi. Yaran da suka tsira, makarantar Mila ce ta riƙe su.

Kada a zaci Mila mutum ne marar aibu. Yana da kaifin harshe, ba ya ganin abu ya yi shiru. Ya yi ta kai ƙarar sarakuna da hakimai wurin Turawan mulki a kan zaluntar talakawa, ya kuma yi ta sukar Turawan mulkin kansu. Wani lokaci gaskiya ce ya faɗa. Wani lokaci kuwa ya yi wa Musulmi da sarakunansu hukunci mai tsanani, ya tsoma baki cikin sha'anin sarauta da ba nasa ba, har jama'a suka riƙa ɗari-ɗari da shi. Haƙurin da ya yi da harshen Hausa ya fi wanda ya yi da masu mulkin Hausawa.

Wajen 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni, aka koma Wusasa, kusa da dutsen Kufena. Aka gina majami'a da makaranta masu sunan St Bartholomew, da asibiti mai sunan St Luke. Daga cikin jama'ar nan 'yar kaɗan aka sami Dokta Barau Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita irin na Turai, wanda babbar asibitin nan ta Kaduna ke ɗauke da sunansa. Aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966. Janar Yakubu Gowon ma a makarantar Wusasa ya fara karatu.

Amma babban aikin Mila a kan tebur ya yi shi, da alƙalami. Littafi Mai Tsarki ba littafi guda ba ne, littattafai sittin da shida ne aka haɗa, akwai tarihi, da dokoki, da waƙoƙi, da wasiƙu. Mila ya shekara fiye da ashirin yana juya su, tare da Hausawan da ke zaune da shi, da wakilan sauran ƙungiyoyin mishan masu duba aikin. Wani abu ya sauƙaƙa masa. Ya tarar malaman Musulunci sun riga sun shigar da kalmomin addini cikin Hausa tun ɗaruruwan shekaru, irin su zunubi, da tuba, da gafara, da mala'ika, da annabi, da Attaura, da Zabura. Bai ƙirƙiro su ba, aro ya yi. Duk da haka aya guda takan ci yini, ana neman kalmar da manomi zai gane, malami kuma ba zai raina ba. Cikin 1932 aka buga littafin dukansa a Ingila.

Abin mamaki, waɗanda ya yi dominsu ba su ne suka fi karanta shi ba. Kanawa da Zazzagawa da Katsinawa suka zauna kan Musuluncinsu. Littafin sai ya bi wata hanya, ya hau duwatsun Jos, ya shiga kudancin Zariya, da ƙasar Bauci, da Adamawa, inda kabilu suke da yawa, kowace da harshenta. Birom da Angas da Bacama ba su jin maganar juna, amma suna jin Hausa, sai ta zama harshen sujadarsu da waƙoƙinsu. Maguzawan ƙasar Kano da Katsina da suka shiga addinin Kirista, su ma shi suka riƙa. Fassarar nan ita aka yi ta aiki da ita kusan shekara hamsin, sai 1979 aka fitar da sabuwa.

Mila ya ajiye aikin C.M.S. cikin 1935, ya koma Ingila, ya rubuta littafin tarihin zamansa a ƙasar Hausa. Amma zaman Ingila bai karɓe shi ba. Bayan 'yan shekaru ya komo Nijeriya da tsufansa, ya zauna a ƙasar Jos yana koyarwa, yana rubutu. Ya rasu a Bukuru cikin 1952, yana da shekara tamanin.