Borodin: Malamin Kimiyyar da Ya Bar Suna da Kiɗan Lokacin Hutu

A daren 27 ga Fabrairun 1887, ana tsakiyar liyafar rawa da malaman makarantar likitoci ta birnin St. Petersburg suka shirya, wani farfesa mai shekara 53, sanye da kayan gargajiyar Rasha, ya yanke jiki ya faɗi. Likitoci sun cika zauren, amma babu wanda ya iya ceto shi, domin zuciyarsa ta riga ta tsaya. Makarantar ta yi rashin malamin kimiyyar sinadarai. Sauran duniya kuwa ta yi rashin Aleksanda Borodin, ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa na ƙasar Rasha, wanda bai taɓa mayar da kiɗa sana'a ba.

An haife shi a St. Petersburg a 1833. Mahaifinsa basarake ne ɗan asalin Jojiya, amma da yake ba ta hanyar aure aka same shi ba, sai aka rubuta shi a matsayin ɗan wani bawan gidan, daga nan ya samo sunan Borodin. Tun yana yaro ya koyi sarewa da piyano, yana kuma gwajin sinadarai a ɗakinsa. Ya shiga makarantar likitoci a 1850, ya sami digirin dakta a 1858, sannan aka tura shi Jamus ƙarin karatu. A garin Heidelberg ya haɗu da Ekaterina Protopopova, gwanar piyano, wadda ya aura a 1863.

Kada a ɗauka masanin kimiyya ne na jeka-na-yi-ka. Ya halarci babban taron masana sinadarai na Karlsruhe a 1860 tare da Mendeleev, kuma har gobe littattafan fannin suna ambaton bincikensa kan sinadaran aldehaid. A 1872 yana cikin waɗanda suka kafa kwasa-kwasan koyar da mata aikin likita, abin da ya ƙara masa koyarwa, da zaman kwamitoci, da neman kuɗin tallafa wa ɗalibai.

Kiɗa ya shigo da ƙarfi ne a 1862, lokacin da ya haɗu da Mili Balakirev, jagoran rukunin nan da ake kira Mutum Biyar. Abin lura shi ne, ban da jagoran, kowannensu na da aikin albashi: Cui injiniyan soja ne, Rimsky-Korsakov hafsan sojan ruwa, Mussorgsky kuma akawun gwamnati. Sai dai babu wanda ofis ya danne kamar Borodin. Gidansa a cikin ginin makarantar yake, saboda haka ɗalibai ba su da lokacin zuwa. Dangi marasa lafiya da masu neman masauki sun cika ɗakuna, kyanwoyi na yawo a kan teburin abinci, matarsa kuma na fama da asma da rashin barci, ba a kwanciya sai dare ya raba. Wani lokaci ko piyano ba ya iya taɓawa, don akwai baƙon da ke barci kusa da shi. Lokacin rubutunsa shi ne hutun makaranta, da ranakun da rashin lafiya ta hana shi zuwa aji. Shi da kansa ya ba da labarin yadda abokansa makaɗa, cikin raha, suke yi masa fatan ciwo maimakon fatan lafiya.

Da waɗannan guntayen sa'o'i ya kammala manyan kaɗe-kaɗe biyu na cikakkiyar tawaga, wato simfoni, da kiɗan da ke siffanta wucewar ayari ta filayen tsakiyar Asiya a 1880, da kuma kiɗan makaɗa huɗu masu kayan tsirkiya na 1881 wanda ya sadaukar wa matarsa. Ba su da yawa, amma kusan babu na yarwa. Franz Liszt, wanda Borodin ya ziyarta a Weimar a 1877, ya ƙarfafa masa gwiwa, ya kuma taimaka aka ji shi a wajen Rasha.

Inda abin ya yi ciwo shi ne wasan kwaikwayon waƙa, wato opera, mai suna Yarima Igor. Ya fara shi a 1869, ya yi shekara 18 yana ɗauka yana ajiyewa, har mutuwa ta riske shi bai gama ba. Abokansa sun sha ganin cewa kwamitoci sun cinye baiwar da ba kowa ke da ita ba. Shi kuwa bai yarda cewa asara yake yi ba. A wurinsa kimiyya ce aiki, kiɗa kuma hutu, kuma matan da suka zama likitoci ta hannunsa ba ƙaramar hujja ba ce a gare shi.

Bayan rasuwarsa Rimsky-Korsakov da matashin Aleksanda Glazunov suka tattara tarkacen takardun da ya bari, suka cike gurabe. Kiɗan buɗe wasan ma Glazunov ne ya rubuta shi, bisa abin da ya riƙe daga jin Borodin yana kaɗawa a piyano. An nuna wasan a gidan Mariinsky a 1890, Ekaterina ba ta gani ba, domin ta bi mijinta watanni kaɗan bayan rasuwarsa. A 1953 aka gina wasan Kismet na birnin New York a kan karin kiɗansa, a shekarar da ta biyo kuma aka ba shi lambar yabo ta Tony, shekara 67 bayan an binne shi.