Ɗan Tafa, Jikan Shehu Mai Karatun Falsafa

Makon jiya bayan sallar isha'i, wani dattijo daga cikinmu, mutumin Azare, ya riƙe hannuna a bakin ƙofar masallaci yana kuka da ɗansa. Yaron yana jami'a, ya zo hutu da littattafan Marx da Freud, in an zauna cin abinci sai ya jefo tambaya a kan ruhi, ko a kan abin da ke sa talaka ya dawwama a talauci. Uban ya rasa yadda zai yi, ya ƙwace littattafan ne ko ya zuba ido. Ban ba shi amsa a tsaye ba. Na dai yi masa alkawarin wannan Juma'ar zan kawo tarihin wani malami na gida da ya shiga irin wannan kogi.

Sunansa Abdulƙadir ɗan Malam Musɗafa, amma an fi saninsa da Ɗan Tafa. An haife shi a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Mahaifinsa Malam Tafa almajirin Shehu ne kuma marubucinsa. Mahaifiyarsa Nana Khadija 'yar Shehu ce, malama ce mai zaman kanta, ita ce ta mayar da Mukhtasar na Khalil zuwa Fulatanci. Kun ga ke nan Muhammadu Bello kawunsa ne, Nana Asma'u kuma ƙanwar mahaifiyarsa. Mu mutanen Guddiri ba baƙi ba ne a wannan gida, domin tutar da Malam Zaki ya kafa Katagum da ita daga hannun kakan Ɗan Tafa ta fito.

Ya fara karatu a gaban mahaifinsa, ya yi fiƙihu da nahawu da tafsiri kamar kowane ɗan malamai. Inda hanyarsa ta bambanta shi ne wajen kawunsa Muhammadu Sambo, sufin nan da ya rasu a 1826. A wurinsa ya shiga zurfin tasawwufi, har da littafin Insanul Kamil na Abdulkarim al-Jili, wanda ya bi sawun Ibnu Arabi. Wanda ya taɓa buɗe wannan littafi ya san ba a karanta shi a kishingiɗe. Ɗan Tafa ya ƙara da ilmin mutanen farko, wato lissafi, taurari, manɗiƙi, ɗabi'ar halittu da hikima.

Kada ku ɗauka shi kaɗai ne a Sakkwato mai irin wannan ƙishirwa. Baturen nan Clapperton, wanda ya sauka a Katagum a watan Janairun 1824 zamanin Sarki Ɗan Kauwa, a zuwansa na biyu Sakkwato ya kai wa Bello littafin lissafin Iƙlidis da Larabci, daga baya ya iske shi zaune yana duba shi.

Yana wajen shekara 20 ya rubuta Raudatul Afkar, tarihin sarakunan Gobir da ƙasashen Hausa da yaƙe-yaƙen jihadi. Da wannan littafi masu tarihi suka fi saninsa. Amma abin da ya sa na kawo shi yau shi ne Futuhatur Rabbaniyya, wanda ya rubuta bai kai shekara 30 ba. A ciki ya ɗauko maganganun masu cewa ba komai sai abin da ido ke gani da hannu ke taɓawa, da masu jingina komai ga ɗabi'a, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a kan samuwar ruhi, da ƙarewar duniya, da yanayin sammai. To, a nan nake so dattijonmu ya tsaya. Tambayar da ɗansa ke jefowa a kan ruhi, an yi ta a Sakkwato kusan shekara 200 da suka wuce, kuma jikan Shehu ne ya zauna ya fahimci hujjar masu ita kafin ya mayar da martani. Haka Imamu Gazali ya yi, sai da ya rubuta Maƙasidul Falasifa ya shimfiɗa ra'ayin masu falsafa tsaf, sannan ya zo da Tahafut ya rushe abin da zai rushe. Mu kuwa yau sau da yawa sunan littafi kawai muke ji mu yanke masa hukunci.

Yana da wani ɗan littafi a kan ginshiƙai shida na duniya, Kulliyatul Alamis Sitta, ya kuma yi sharhi a kan wuraren da suka shige wa mutane duhu a cikin Insanul Kamil. Makarantarsa tana Salame, arewa da Sakkwato, a ƙasar Gwadabawa ta yanzu. Da Bajamushen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya zo a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya gana da shi, ya kuma rubuta cewa a malaman Sakkwato na wannan zamani ba wanda ya kai shi sani.

Bai tsira daga bakin mutane ba. Ai dama malamin da aka ga yana hulɗa da falsafa, sai an yi masa kallon hadarin kaji. A 1855, yana da shekara 51, ya rubuta Uhudu wal Mawasiƙ, jerin alkawuran da ya ɗaukar wa kansa. Daga ciki, aƙidarsa a kan ayoyin Alƙur'ani zai gina ta, ba a kan hujjojin hankali ba. Ya amsa cewa ya karanta falsafa, ya ɗauki abin da ya ɗauka ya watsar da kurakuranta, amma ba zai kira kowa zuwa gare ta ba. Kuma ba zai yi gogayya da kowa a kan muƙami ba.

Wannan alkawari na rashin kiran mutane zuwa falsafa, gaskiya ni yana yi mini ciwo. Na gane dalilinsa, ba kowane ciki ke ɗaukar kowane abinci ba. Amma ina zargin yana cikin abin da ya sa yau yaro zai gama sakandare a Azare ya san Asma'u, ya san Bello da Abdullahin Gwandu, bai taɓa jin sunan Ɗan Tafa ba. Sai ya je jami'a ya ɗauka irin wannan tunani daga Jamus aka fara shi.

Ya rasu a 1864 yana da shekara 60, Allah Ya jiƙansa Ya yi masa rahama. Ya bar littattafai gommai, yawancinsu har yau rubutun hannu ne da Larabci. Masu shirin tafiya gida da babbar salla, don Allah in akwai gafakar kakanni a ɗaki, a Azare ko Katagum ko Jama'are, ku sa a kwance ta a duba ko da sunan Abdulƙadir bin Musɗafa a ciki.